Dussuyer ya tafi: mu auna abin da ya bar wa 'yan Kurege da mudun gaskiya

Ranar 9 ga Janairu, 2022 aka buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka a Kamaru. Ƙasashe 24 ne suka kece raini. Najeriya na ciki, Burkina Faso na ciki, har da Gambiya da tsibiran Komoros waɗanda ba su taɓa leƙa gasar ba sai a wannan karo. Mu kuwa 'yan Benin sai dai muka biya kuɗin gidan kallo, kowa ya ari ƙasar da zai goya wa baya. Gasar kofin duniya ta Katar ma ta wuce mu. Shi kuma mutumin da aka damƙa wa amanar kai mu wuraren nan biyu, wato Michel Dussuyer, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta raba gari da shi bayan kashin da muka sha a Kinshasa.

A lokacin, duk majalisar da ka zauna a Parakou ko Djougou, teburin mai shayi ne ko inuwar 'yan kabu-kabu, gardamar ɗaya ce. Wasu na cewa an yi wa Bature butulci, don shi kaɗai ne ya taɓa kai mu wasan daf da na kusa da na ƙarshe a Afirka. Wasu kuma na cewa, kai, ai sa'a ce kawai ya taka, mutumin da ko wasa ɗaya bai ci ba a Masar. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, yana jifan ɗan'uwansa da ita.

Ni a ganina koci, ko na ƙungiyar gari ne ko na ƙasa, da tambayoyi uku ake auna shi idan ya tafi. A ina ya same mu? Ina ya kai mu? Me ya bari a hannunmu da za mu ci gaba da shi? Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, domin yadda muka auna wanda ya tafi shi ne zai nuna irin wanda za a kawo mana gobe, da irin aikin da za a ɗora masa.

A ina ya same mu?

Matasan da suka fara kallon ƙwallo a 2019 ba su san irin wahalar da muka sha a baya ba. Kafin wannan shekara, sau uku kacal Benin ta je gasar Afirka: 2004 a Tunisiya, 2008 a Gana, sai 2010 a Angola. Wasa 9 muka buga, aka doke mu a 8, muka yi canjaras a 1. A 2004 Maroko ta zura mana 4 da nema. A 2008 Kwaddibuwa ta yi mana 4 da 1. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa a duka gasar uku sai da ta doke mu. Makin nan guda ɗaya tilo da muka samu, 2 da 2 da Mozambik a 2010, a hannun wa aka same shi? A hannun wannan Dussuyer ɗin ne, a zuwansa na farko daga 2008 zuwa 2010. Da aka dawo daga Angola, hukuma ta sallame shi, ta kuma rushe tawagar baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Rikicin shugabanci ya dabaibaye hukumar ƙwallo na tsawon shekaru, ana ta shiga kotu ana fita, akwai shekarun da gasar cikin gida ta tsaya cak. A watan Mayu na 2016 har FIFA ta dakatar da Benin na ɗan lokaci. Gasar Afirka ta 2012, 2013, 2015 da 2017 duk a gida muka kalla. A cikin wannan hali ne aka sake kiran Dussuyer a watan Agusta na 2018, a daidai lokacin da aka zaɓi Mathurin de Chacus ya shugabanci hukumar.

Shi kansa bai zo da tutar nasara a hannu ba. Bafaranshe ne haifaffen Cannes, tsohon mai tsaron raga. Ya kai Gini wasan daf da na kusa da na ƙarshe sau biyu, a 2004 da 2015. Amma a 2017, yana riƙe da Kwaddibuwa mai kare kofi, an fitar da shi tun a zagayen rukuni, ya ajiye aiki. To ka ga, tawaga mai neman wanda zai share mata hawaye ce ta haɗu da koci mai neman wanke sunansa.

Adalci ya sa in ambaci wani abu da ake mantawa. Maki uku na farko a neman gurbin 2019, wato 1 da nema da muka ci Gambiya a Yunin 2017, ɗan ƙasa ne ya kawo su, Oumar Tchomogo, tsohon ɗan wasanmu da ya riƙe tawagar kafin Dussuyer. Yawancin 'yan wasan da suka je Masar ma ya riga ya yi aiki da su. Bature ya samu tubali a ƙasa, ba fili fetal aka ba shi ba.

Ina ya kai mu?

Nan kam yabon gwani ya zama dole. A watan Oktoba na 2018 mun doke Aljeriya 1 da nema a Kwatano, Sessi d'Almeida ne ya ci ƙwallon. Wanda bai san nauyin wannan nasara ba, ya tuna cewa Aljeriyar ce ta ɗauki kofin a 2019, kuma tun daga wannan rana har ƙarshen 2021 ba a sake doke babbar tawagarta ba. Ranar 24 ga Maris, 2019 kuma muka yi wa Togo 2 da 1. Adebayor ya farke musu, hankalin kowa ya tashi, sai ga Steve Mounié, haifaffen Parakou, ya zura ta biyu ana dab da tashi. Ƙwallon nan ita ce ta buɗe mana ƙofar Masar.

A can, rukuninmu ba na wasa ba ne: Kamaru mai riƙe da kofi, da Gana, da Gini Bissau. Ranar 25 ga Yuni a Isma'iliyya muka tashi 2 da 2 da Gana, Mickaël Poté ya ci duka biyun. Da Gini Bissau babu ci, da Kamaru ma babu ci. Maki uku ke nan, muka tsallake cikin waɗanda suka zo na uku.

Sai ranar 5 ga Yuli a Alƙahira, ranar da babu ɗan Benin mai son ƙwallo da zai manta. Maroko ta ci wasanninta uku na rukuni ba a zura mata ko ɗaya ba. Kocinta Hervé Renard ya ɗauki kofin sau biyu, da Zambiya a 2012 da Kwaddibuwa a 2015, kuma shi ne ya fitar da Dussuyer a 2017. Moïse Adiléhou ya fara ci mana, En-Nesyri ya farke. Ana shirin tashi aka ba su fenariti. Hakim Ziyech, wanda a shekarar ya kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Turai da Ajax, ya buga ta daki turke. A ƙarin lokaci aka ba Khaled Adénon jan kati, muka ƙarasa da mutum goma. Da aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida, namu huɗu duk suka shiga, Saturnin Allagbé ya tare ta En-Nesyri, Séïbou Mama ya rufe da ta ƙarshe: 4 da 1. Ramuwar gayya, in ji masu magana, ta fi ta gayya zafi. Kwana biyar bayan haka Senegal ta fitar da mu da ƙwallo ɗaya tak ta Idrissa Gana Gueye, kuma Senegal ɗin ce ta kai wasan ƙarshe.

Masu cewa sa'a ce, ina so su amsa mini wannan. Na yarda ƙwallon Ziyech turke ne ya tare ta, ba dabarar koci ba. To amma wa ya sa har aka kai minti na 90 ana 1 da 1? Wa ya sa mutum goma suka riƙe Maroko har ƙarshen ƙarin lokaci ba su watse ba? A 2004 da 2008 ai da zarar an zura mana ɗaya sai ƙofa ta buɗe. Dussuyer ya koya wa tawagar yadda ake tsayuwa a jere, kowa ya san wurinsa, 'yan tsakiya su dawo su taya 'yan baya, kada a bar rata. A wasa biyar na Masar ƙwallo huɗu kawai aka zura mana, alhali mun haɗu da Gana, Kamaru, Maroko da Senegal. A wancan lokaci sunan tawagarmu Kurege ne, kuma a tatsuniyarmu kurege ba ya kokawa da zaki ƙirji da ƙirji, wayo yake sa masa. Mutumin nan ya fahimci ƙarfinmu da rauninmu, ya yanka mana riga daidai wuyanmu. Wannan aiki ne, kuma nasa ne.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a allon maki. Daren da aka fitar da Maroko, daga Kwatano har Malanville murna ɗaya aka yi. A ƙauyuka irin su Sérou, inda ake taruwa a gaban talabijin ɗaya, Bahaushe da Dandi da Bariba da Bafulatani da mutumin kudu ihu ɗaya suka yi. Mu da a wasu lokuta ake yi wa kallon baƙi a ƙasar da aka haifi kakanninmu mun san darajar irin wannan dare. Wanda ya kawo shi ya cancanci a ce masa an gode.

Ɗaya gefen sikelin

To amma fa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A nan ne Dussuyer ya gaza, kuma bai kamata son da muke yi wa 2019 ya rufe mana ido ba.

Da farko, a tuna cewa 2019 ce shekarar farko da aka faɗaɗa gasar daga ƙasashe 16 zuwa 24. A tsohon tsari, ƙasa biyu ce kawai ke fita daga kowane rukuni. Da maki ukun nan namu, da tun a zagayen farko mun haɗa kaya. Wannan bai rage daɗin daren Alƙahira ba, amma ya kamata a san cewa ƙofar da muka bi sabuwa ce.

Na biyu, maganar cin ƙwallo. Mu ƙirga tare. A Masar, wasa 5, ƙwallo 3. A neman gurbin gasar Kamaru, wasa 6, ƙwallo 3: ɗaya ta Stéphane Sessègnon a Uyo, biyu na Jodel Dossou. A neman gurbin kofin duniya, wasa 6, ƙwallo 5. Wato a wasa 12 na neman gurbi bayan dawowa daga Masar, ƙwallo 8 kacal muka ci. Tsarin tsare gida yana da amfani idan kai ne ƙarami, kana gaban Maroko. Amma bayan 2019 mun daina zama ƙananan da ake rainawa. Ƙasashen da muka fi ƙarfi suka fara zuwa gidanmu suna yi mana irin abin da muka yi wa Kamaru, su tare ƙofa su zauna. Sai aka wayi gari ba mu da mabuɗi.

Na san abin da za a ce mini: an zalunce mu. Gaskiya ne an yi abubuwan da ba su dace ba. A ƙarshen Maris na 2021 a Freetown, ana dab da fara wasa aka ce wasu daga cikin manyan 'yan wasanmu na ɗauke da cutar korona, aka yi ta ja-in-ja har aka ɗage wasan. Sai a ranar 15 ga Yuni aka buga shi a Konakiri, Kei Kamara ya ci wa Saliyo da fenariti, 1 da nema. A Kinshasa kuma, ranar 14 ga Nuwamba, Kongo ta yi canjin 'yan wasa a karo huɗu alhali doka ta ce uku, hukumarmu ta kai ƙara FIFA, ƙarar ba ta dawo mana da gurbin ba. Duk wannan ya faru, kuma ya yi ciwo.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Me ya kai mu ga rataya rayuwarmu a wasan ƙarshe a gidan wani? A Nuwamban 2020 mun je Lesoto muka tashi babu ci. Da mun ci wannan wasa, da rikicin Freetown bai dame mu ba, don mu da Saliyo maki bakwai-bakwai muka ƙare. Domin wasan ranar 27 ga Maris, 2021 'yan Najeriya suka shigo jirgin ruwa daga Legas zuwa Porto-Novo. Muka tsare gida muna jiran canjaras, sai a mintin ƙarshe Paul Onuachu ya zura mana. A Oktoban 2021 mun je Tanzaniya mun ci 1 da nema, kwana uku bayan haka suka zo Kwatano suka rama. Kongo ta ƙare da maki 11, mu da 10. Ko canjaras muka yi da Tanzaniya a gida, da lissafin ya bambanta tun kafin a hau jirgi zuwa Kinshasa. A Konakiri da Kinshasa duka canjaras kawai muke nema, kuma tawagar da aka gina a kan neman canjaras ta kasa samunsa a ranar da aka fi buƙata. Gurbin nan biyu a gidanmu muka zubar da su.

Saboda haka ni ban ga zalunci a rabuwa da shi ba. An ba shi aiki biyu bayan Masar, bai kawo ko ɗaya ba. Ko Najeriya, wadda Gernot Rohr ya samo wa gurbin Kamaru ya kuma kai ta zagayen ƙarshe na neman kofin duniya, ta sallame shi a Disamba. Balle wanda ya dawo hannu rabbana.

Me ya bari a hannunmu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ita ce ba na jin ana yi a majalisa. Ginshiƙan tawagar 2019 sun manyanta. Sessègnon da Poté a 1984 aka haife su, Adénon a 1985. Tun a Masar kowa ya san kwanakinsu a fili sun kusa ƙarewa. Shekara biyu da rabi bayan Masar, ba mu ga wanda zai ɗauki ƙwallo a tsakiya ya raba ta kamar Sessègnon ba. Idan aka tare Mounié, shi ke nan an tare Benin. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai da tafiyar ta zo muka fara neman wuƙa.

Sannan a dubi inda 'yan wasan suka fito. Poté, Adéoti, Imorou da d'Almeida a Faransa aka haife su, Cèbio Soukou a Jamus. Kada a yi mini mummunar fahimta, 'ya'yanmu ne, sun zaɓi rigar ƙasar iyayensu, sun yi mata gumi, muna alfahari da su. Amma ƙwallon da suka iya, wasu ne suka koya musu. Mounié ma Parakou ce ta haife shi, amma yana ƙaramin yaro ya tafi Faransa, makarantar Montpellier ce ta rene shi. Da a ce ya tashi a nan, a wane fili zai koya, a hannun wa, kuma wa zai gan shi? Wannan tambaya ce da ta shafi kowane uba da ɗansa ke buga tamola a filin makaranta da yamma.

Ba don babu yara ba ne. Buffles ta Borgou, ƙungiyar Parakou, ta ɗauki kofin ƙasa a 2014, 2017 da 2019. Djougou na da Panthères. Allagbé, gwarzon Alƙahira, a ASPAC ta Kwatano ya fito kafin ya tafi Niort a Faransa, wanda ke nuna gasar gida na iya fitar da gwani idan an kula da ita. A kakar 2019 zuwa 2020 ƙungiyar ESAE ta kai zagayen rukuni a ƙaramar gasar ƙungiyoyin Afirka. Iri yana nan. Abin da babu shi ne hanyar da ta tashi daga filin unguwa zuwa ƙungiyar gari, daga nan zuwa tawagar matasa, daga nan zuwa babbar tawaga. Yaron arewa kuma nisansa ya ninka, don daga Parakou zuwa Kwatano sama da kilomita 400 ne, daga Djougou ya fi haka, kuma idon masu zaɓe yawanci a bakin teku yake tsayawa.

Shin laifin Dussuyer ne wannan? Kaɗan nasa ne, mafi yawa ba nasa ba ne. Kocin ƙasa kwana kaɗan yake samun 'yan wasansa kafin kowane wasa, kuma da sakamakon gobe ake auna shi, don haka dole ya ɗauki wanda ya riga ya nuna a Turai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne ya ci wasa, ba ya gina makarantu ba. Nasa laifin shi ne da ya samu daraja da ƙarfin faɗa a ji bayan Masar, bai yi amfani da su ya sabunta tawagar da wuri ba. Sauran kuwa yana wuyan hukuma da ma'aikatar wasanni da masu ƙungiyoyi, har da mu 'yan kallo da muka san sunan kowane ɗan benci a Chelsea da Real Madrid, amma ba mu san mai tsaron ragar ƙungiyar garinmu ba.

Wa ya kamata ya gaje shi?

Bayan tafiyarsa aka shiga gardamar Bature ko ɗan gida. Ni launin fata bai dame ni ba, amma tarihin maƙwabta yana da darasi. A Nijar, Harouna Doula ne ya fara kai Mena gasar Afirka ta 2012, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. Da aka je gasar, bayan wasa ɗaya aka ture shi gefe aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis, kuma hakan bai hana Nijar shan kashi a sauran wasannin ba. A Najeriya, marigayi Stephen Keshi ya ɗauki kofin 2013, kuma wanda ya ci ƙwallon wasan ƙarshe, Sunday Mba, a gasar cikin gida yake bugawa a lokacin. Keshin nan shi ne ya samo wa Togo gurbin kofin duniya na 2006. Wasan ƙarshe na 2019 kuwa 'yan gida biyu ne suka kara, Djamel Belmadi na Aljeriya da Aliou Cissé na Senegal, wanda ya hau kujerarsa a 2015.

Darasin da na gani shi ne, ɗan gida na iyawa idan aka ba shi abin da ake ba baƙo: albashi a kan kari, lokaci, da mutunci. Ciwon da ke damunmu a Afirka shi ne baƙo ana ba shi kwantiragi, ɗan gida kuma a ce masa ya riƙe kafin a samu na gaske. In za a ɗauki ɗan ƙasa, a ɗauke shi da zuciya ɗaya. In kuma baƙo za a sake kawowa, to a rubuta masa sharuɗɗa a takarda.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, ko wane ne aka kawo. Na farko, ya zauna a ƙasar nan, ya riƙa zuwa kallon gasar gida da ƙafarsa, har Parakou, Djougou, Natitingou da Kandi. Na biyu, a haɗa shi da mataimaka 'yan ƙasa da za su koyi aikin, domin ranar da ya tafi ilimin ya zauna. Na uku, tawagogin 'yan ƙasa da shekara 17 da 20 su samu kulawa da gasa mai ɗorewa, da shekarun haihuwa na gaskiya. Na huɗu, a gaya wa jama'a abin da aka ɗora masa da abin da ake biyansa, tunda kuɗin tawagar ƙasa kuɗin jama'a ne. Gwamnati ta gina filayen wasa 22 a garuruwa daban-daban, ciki har da Djougou, Nikki da Malanville, kuma wannan abin a yaba ne. Amma fili ba ya koyar da ƙwallo. Idan babu masu horarwa da aka horar, babu gasar makarantu, babu kuɗin motar kai yara wasa, to ciyawar za ta tsufa ba a samu ko ɗan wasa ɗaya ba.

Mu ma a nan arewa akwai namu. Attajiranmu na kasuwar shanu, da masu manyan motoci, da 'yan kasuwar Zongo, sukan kashe kuɗi a abubuwa da yawa. Ɗaukar nauyin riguna da takalma da ƙwallaye na ƙungiyar unguwa ba zai karya kowa ba. Iyaye kuma su sa ido. Akwai masu yawo suna karɓar kuɗin mutane da sunan za su kai yaro Turai gwaji, a sayar da gona ko shanu, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba takarda ba ƙungiya. Ƙwallo da karatu su tafi tare, don cikin yara ɗari da ke buga tamola, ƙalilan ne za su ci abinci da ita.

Hukuncina

Idan aka ce in faɗi matsayina a taƙaice, ga shi. Michel Dussuyer shi ne kocin da ya fi kowa kai Benin nesa a gasar Afirka. Maki na farko da muka taɓa samu nasa ne, tsallake rukuni na farko nasa ne, daren Alƙahira nasa ne. Ya same mu ana yi mana dariya, ya mayar da mu tawagar da manya ke shakkar haɗuwa da ita. Wanda ya hana shi wannan ya yi rowar gaskiya.

Shi ne kuma kocin da ya je gasar Afirka sau biyu da mu, wasa 8, bai ci ko ɗaya a cikin fili ba. Ya kasa sauya salo lokacin da ake buƙatar cin ƙwallo, ya zubar da gurbi biyu da ke tafin hannunsa, ya bar tawagar da ginshiƙanta suka tsufa. Wanda ya ɓoye wannan ya cuci na baya.

Ya tafi da godiyarmu, kuma tafiyar tasa ta zo a kan lokaci. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗauka da an canza koci an gama gyara, kamar yadda aka yi a 2010 aka sallami kowa, sannan muka yi shekara tara ba mu sake leƙa gasar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a sa hannu a takardar kowane sabon koci ya kamata hukuma ta fito ta faɗa mana yadda yaron Djougou ko Parakou zai bi ya kai ga rigar ƙasa. Wannan tambayar ce ya kamata mu riƙa yi mata, a rediyo, a majalisa, da wajen wakilanmu, har sai an ba mu amsa. Allah ya sa gasa ta gaba da mu za a yi.